Darasi: Ƙwallon Ƙafa da Mutanen da Ba Su da Gida

Darasinmu na wannan wata yana kan wani aiki da aka fara a ƙasar Turai, wanda da jin farko zai iya ba mutum dariya. Wato a tara mutanen da ba su da wurin kwana, a ba su ƙwallo su buga. Mai hankali zai tambaya, mutumin da yake kwana a ƙarƙashin gada, ƙwallo ce za ta raba shi da sanyi? Tambayar tana kan hanya, bai kamata mu kauce mata ba. Amma bari mu fara duba yadda abin ya samo asali.

A manyan biranen Turai akwai jaridun da marasa gida suke sayarwa a bakin titi. Mutum yakan sari jaridar da rahusa, ya sayar a kan kuɗin da aka rubuta a jikinta, ribar ta zama tasa. Ta haka yana samun na abinci ba tare da ya yi bara ba. A shekara ta 2001 masu buga irin waɗannan jaridu suka yi taro a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. A can ne mutum biyu suka zauna suna shawara: Mel Young, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jaridar The Big Issue a Sikotland, da Harald Schmied, editan jaridar Megaphon ta birnin Graz a Ostiriya. Ita Megaphon kuwa ta Caritas ce, wato hukumar agaji ta Ikklisiyar Katolika a dayosis na wannan yanki. Damuwarsu ita ce, editoci suna haɗuwa kowace shekara, amma masu sayar da jaridun ba su taɓa ganin juna ba, ko sun haɗu ma harshe zai raba su. Sai suka tuna da ƙwallo, gama ba ta bukatar tafinta.

A watan Yuli na 2003 aka yi gasar farko a Graz, ƙasashe 18 suka zo. Sunanta da Turanci Homeless World Cup, wato Gasar Kofin Duniya ta Marasa Gida. Daga nan ta zaga Gothenburg, Edinburgh, Cape Town, Copenhagen, Melbourne da sauransu. Annobar korona ta dakatar da ita daga 2020 zuwa 2022, ta dawo a 2023 a Sacramento ta Amurka.

Mu lura da inda ake yin wasan. Sau da yawa akan kafa filin a tsakiyar gari: bakin tekun Copacabana a 2010, gaban hasumiyar Eiffel a Paris a 2011, babban dandalin birnin Meziko a 2012. Irin waɗannan wurare ne ake korar marasa gida daga cikinsu domin kada su ɓata wa baƙi gani. A wannan mako guda kuwa, jama'a suna zaune suna kallonsu, ana kiran sunan kowa da lasifika, ana buga taken ƙasarsa. Wanda ya daɗe a titi yakan shaida cewa abin da ya fi yunwa ciwo shi ne mutane su wuce shi kamar ba su ga kowa ba. Mun san misalin mai arziki da matalaucin da yake kwance a ƙofarsa cikin Bisharar Luka sura 16, inda Ubangijinmu ya ambaci sunan matalaucin, Li'azaru, mai arzikin kuwa bai ba shi suna ba.

Dokokin wasan suna da koyarwa a cikinsu. Filin ƙarami ne, tsawonsa mita 22, faɗinsa mita 16. Mutum huɗu ne suke bugawa a kowane gefe har da mai tsaron gida, ƙungiya kuma tana zuwa da 'yan wasa takwas. Wasa minti 14 ne, bakwai kafin hutu, bakwai bayansa. Ba a sallamar wanda aka ci ya koma gida. Ana raba ƙungiyoyi bisa ga ƙarfinsu, kowace tana neman wani kofi har ranar ƙarshe. Dokar da ta fi jan hankalinmu ita ce, sau ɗaya tak mutum yake buga wannan gasa a rayuwarsa. Mai son nasara zai ce wannan asara ce, a horar da gwani sa'an nan a ajiye shi. Amma manufar ita ce kada wani ya mai da rashin gida sana'a, a kuma bar wa na baya wuri.

To, yanzu mu koma ga tambayarmu ta farko. A ganinmu ainihin aikin yana cikin atisayen kowane mako, wanda ƙungiyoyin agaji suke yi a garuruwansu shekara duka, inda dubban mutanen da ba za su taɓa zuwa gasar ba suke halarta. Rashin gida yana rushe tsarin kwanakin mutum. Litinin da Asabar duk ɗaya ne gare shi, ba mai jiransa, ba mai tambaya in bai zo ba. Atisaye yana mayar masa da rana da sa'a. Dole ya tashi, ya zo a kan lokaci, ya zo kuma idonsa biyu, gama mai maye ba ya iya gudu. In ya yi fashi, abokan wasa za su ce, ina ka shiga? Har wa yau, mutumin da ya ƙi taka ofishin taimako saboda kunya ko tsoro yakan zo filin ƙwallo da kansa. A bakin filin ne ma'aikacin agaji yake samun zarafin yi masa maganar ɗaki, ko asibiti, ko koyon sana'a, ko sulhu da iyalinsa. Ƙwallon ba ta gina wa kowa gida, amma tana kawo shi inda za a yi zancen gidan.

Labarin David Duke ya isa misali. Ya rasa matsuguni a Glasgow bayan rasuwar mahaifinsa, ya buga wa Sikotland a gasar 2004. A 2007 shi ne mai horar da ƙungiyar da ta ci kofin a Copenhagen, a 2009 kuma ya kafa ƙungiyar Street Soccer Scotland domin yi wa waɗansu abin da aka yi masa.

Kada mu ɗauka kome yana tafiya sumul. A 2005 hukumomin Birtaniya suka hana ƙungiyoyi biyar na Afirka izinin shiga domin gasar Edinburgh, ciki har da na Nijeriya da Kamaru, bisa dalilin cewa 'yan wasan ba su da isasshen kuɗi. A gayyaci matalauci saboda talaucinsa, a kuma tare shi a ƙofa saboda talaucin nan! Bayan gasar Melbourne ta 2008 ma waɗansu 'yan wasa suka nemi mafaka a Ostireliya maimakon komawa ƙasashensu. Duk da haka Afirka ta nuna kanta. Zambiya ce ta ci kofin mata na farko a 2008, a 2025 kuma a birnin Oslo Masar ta ɗauki kofin maza, Yuganda ta ɗauki na mata.

Wuri mafi wuya shi ne komawa gida. Mutum ya yi mako yana kwana a gado mai tsabta, dubban mutane suna yi masa tafi, sa'an nan jirgi ya sauke shi inda ya baro. In ba wanda ya tarye shi, faɗuwar tana iya fin ta dā muni. Saboda haka aikin ƙungiyar da ta kai shi bai ƙare a filin jirgi ba. Atisaye yana ci gaba a makon da ya biyo, tun da yake kuma ba zai sake buga gasar ba, akan ba shi wani nauyi. Waɗansu sun zama masu horarwa, waɗansu masu kula da sababbin zuwa, waɗansu kuwa sun koyi alƙalancin wasa, har sun koma gasar suna hura usur.