GININ ƘASA DA HUKUNCIN ALMUBAZZARANCI

Bayan hijira a shekarar 622, Manzon Allah (SAW) ya gina masallacinsa a Madina da tubali. Ginshiƙansa kututturan dabino ne, rufinsa kuwa rassan dabino, har ruwan sama kan zubo, a ga laka a goshinsa mai daraja bayan sujada. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi da irin waɗannan kaya. Sai a zamanin Sayyidina Usman aka gina bangonsa da duwatsu, saboda haka ginin dutse ko siminti ba haramun ba ne.

Abin da Shari'a ta hana shi ne almubazzaranci, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi, aya ta 31. To, ina hukuncin jama'ar da ta rushe lafiyayyen soro don kunyar a ce da ita matalauciya, ta ciwo bashi ta ɗora bulo da kwano? Katangar ƙasa mai kauri takan tsare zafin rana, ta sake shi da dare, ɗaki ya yi sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu. Kwano kuwa yakan gasa masallata a sallar Azahar, sai an nemi fanka da man janareto.

Masu cewa ƙasa ba ta da ƙarko su dubi masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Sharaɗinsa dai a gyara indararo, a sabunta yaɓe kafin damina, aikin da dā gari duka ke fitowa a yi gayya dominsa.