Tukunya mai fito

Auta tana aji huɗu a makarantar Dakoro. Ran da babu karatu, ita da ƙawayenta sukan fita neman icce tun da sassafe. Dakoro tana arewa da Maraɗi, inda ƙasar noma take haɗuwa da ƙasar kiwo. Ruwan sama ba shi da yawa, itatuwa ma haka. Kusa da gari an riga an tsince busasshen icce. Sai sun yi nisa kafin su samu ƴan rassan sabara da kalgo. Ba su komowa sai rana ta take.

Ran da Inna ta ɗora wake, iccen nan ba ya kwana. Wake yakan yi awa guda da wani abu bisa wuta, ko an sa masa kanwa. In iccen ya ƙare sai a tura kara, in kara ya ƙare sai busasshen kashin shanu. Hayaƙi ya cika madafa, idanun Inna su yi ja.

Ran nan Gwaggo ta zo hutu. Ita ma'aikaciyar gona ce, kuma ba ta daɗe da komowa daga ƙaro ilimi a ƙasar Indiya ba. Cikin tsarabarta har da wata tukunya ta lita 8, mai kauri, mai dogon hannu. Murfinta yana da zoben roba. A tsakiyarsa akwai ƴar kafa, bisa kafar kuma an ɗora wani ɗan ƙarfe mai nauyi.

Kaka ta jujjuya ta, ta ce: "Wannan tukunya ce ko inji?"

Gwaggo ta yi dariya, ta ce: "Iya, tukunya ce. A can kusan duk gidan da na shiga na gan ta. Gobe zan yi maku abincinsu, amma da hatsinmu da wakenmu."

Abincin da ake kira kicari

Mutanen Indiya suna da wani abinci mai suna kicari. Dafa-duka ne. Ana haɗa shinkafa da wani ƙaramin wake da aka ɓare, a zuba a tukunya guda, a dafa su har su yi laushi kamar fate. Shi ake ba jinjiri in ya fara cin abinci, shi ake ba majinyaci. A jihar Rajastan, inda fari da rairayi suke kamar na nan, da hatsi ake yinsa. Su bajra suke ce wa hatsi.

Auta ta ce: "Gwaggo, ashe su ma suna da hatsi?"

Gwaggo ta ce: "Ɗiyata, daga wajenmu suka samo iri."

Haka abin yake. A ƙasashen Sahel aka fara noman hatsi. A kwarin Tilemsi, arewacin Mali, masu tonon tarihi sun samu alamunsa da suka kai wajen shekara 4500. Daga Afirka ya ƙetare teku, ya isa Indiya fiye da shekara 3000 da suka wuce. Wake ma ɗan Afirka ne, can suna kiransa lobiya. Yau babu ƙasar da ta kai Indiya noman hatsi a duniya. Cibiyar binciken noma da ake kira ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da birnin Haidarabad, ta buɗe reshe a Sadore, kudu da Yamai. Indiya ce kuma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da 2023 shekarar hatsi da danginsa, aka yarda.

Mutane da yawa a Indiya ba su cin nama saboda addininsu ko al'adar gidansu. Amma galibinsu suna shan madara, kuma suna son man shanu soyayye bisa kicari. Akwai waɗansu mutane kuma, a ƙasashe da dama, da ba su taɓa duk abin da ya fito daga dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, har zuma. A Ingila aka ƙago masu suna a 1944, aka ce masu vegan. In aka yi kicari da man gujiya kaɗai, ya zama abincinsu.

Kaka ta riƙe baki. Ta ce: "A garin da Fulani da Buzaye suke shigo da nono kullum safiya, wa zai ƙi shi?"

Gwaggo ta ce: "Ba a ce ki ƙi ba, Iya. Amma watanni nawa ne muke ganin nama a gidan nan? Gwamma mu san yadda za mu ci moriyar abin da ke rumbu."

Maganar Gwaggo tana da hujja. Kusan kashi 1 cikin 4 na ƙwayar wake abincin gina jiki ne. Hatsi ma yana da nasa, amma bai cika ba. Abin da ya rasa, wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kai kuma, hatsi ya cike. In suka haɗu a ƙwarya guda, yaro ya samu abin girma. Amma ba su da bitamin B12, wanda ake samu a nono da nama da ƙwai. Wanda ya bar waɗannan ɗungum, dole ya riƙa shan ƙwayarsa.

Ranar girki

Tun da dare Gwaggo ta auna kofi 2 na surfaffen hatsi da kofi 1 na wake. Ta jiƙa kowane a ƙwaryarsa. Da safe ta tsiyaye ruwan, ta kwashe ɓawon waken da ya taso. Auta ta ɗan daddaka hatsin a turmi har ya zama tsaki.

Kafin a ɗora komi, Gwaggo ta cire ɗan ƙarfen nan, ta ɗaga murfin sama, ta leƙa ta kafar.

"Kin ga haske?"

"Na gani."

"To, ran da ba ki ga haske ba, kafar ta toshe. Sai an share ta da tsinke kafin a yi girki."

Ta ɗora tukunyar a buɗe bisa murhun ƙarfe, ta zuba man gujiya cokali 3. Da ya yi zafi sai ta sa albasa, ta soyu har ta yi ja. Ta ƙara tafarnuwa da citta da tonka da rabin cokali na gangamau. Ƙamshi ya tashi har maƙwabta. Wannan ita ce dabarar Indiyawa: a soya kayan yaji cikin mai, don mai ne yake fito da ƙamshinsu. Suna sa wata ƴar ƙwaya mai suna jira, amma Gwaggo ta ce in babu ita masoro ya isa. Daga nan ta zuba tsaki da wake da yankakkiyar kabewa da gishiri, ta bi su da ruwa kofi 9.

Inna ta miƙo kanwa. Gwaggo ta girgiza kai.

"Matar yaya, wannan tukunya ba ta son kanwa. Tana sa kumfa, kumfa kuwa shi ke toshe kafa. Ban da haka tana kashe wani bitamin da ke cikin wake."

Ta nuna masu cikin tukunyar. Abincin bai wuce rabi ba. Ta ce wake da hatsi kumbura suke yi, saboda haka iyakarsu rabi. Sauran abinci kuma kada ya wuce kashi 2 cikin 3. Ta rufe, ta ɗaure hannun, ta mai da ƙarfen bisa kafa.

Aka yi shiru. Can sai tukunya ta fara huci, sai kuma ta saki wani irin fito mai ƙarfi, tururi ya yi sama. Kaji suka watse. Kaka ta zabura, ta bar takalminta guda, tana salati. Auta ta yi ta dariya har da hawaye.

Kaka ta ce: "Yi dariya, kishiya! Ran da ta tashi da ke sama, ni ba ruwana."

Gwaggo kuwa sai ta janye icce, ta bar ɗan garwashi da sanda guda. Inna ta yi mamaki. Ita a saninta, in ana son wake ya nuna, wuta ake ƙarawa.

Abin da ke faruwa cikin tukunya

Ruwa yana tafasa in zafinsa ya kai digiri 100. A buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce nan. Ko an tura icce dami guda, ruwan dai zai ƙara ɓulɓula ne, ya zama tururi, ya gudu. Zafin iccen ya bi iska ke nan. Kowa ya taɓa ganin murfin tukunya yana rawa: tururi ne yake ture shi don ya fita.

A tukunyar Gwaggo tururi ba shi da hanya. Zoben roba ya toshe gefe, ƙarfe ya danne kafa. Sai tururin ya taru, ya matsa wa ruwan. Ruwan da aka matsa ba ya tafasa da wuri, zafinsa yakan hau har wajen digiri 120. Wannan ƙarin digiri 20 ba kaɗan ba ne, don yana rage lokacin dahuwa zuwa wajen kashi 1 cikin 3. In matsin ya yi yawa, sai ya ɗaga ƙarfen, tururi kaɗan ya fita, ƙarfen ya koma. Fiton da ya kori Kaka ke nan. Da zarar matsi ya cika, ƴar wuta kaɗan ta isa ta riƙe shi. Matan Indiya ma ba su cika duba agogo ba, fito suke ƙirgawa: wannan abinci fito 3, wancan fito 5.

Dabarar ta daɗe. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙera irinta ta farko a London a 1679. Tasa tana da nauyi ƙwarai, har ƙashi takan mayar da shi laushi. Shi ne kuma ya ƙago kafar da ke sakin tururi don kada tukunya ta fashe. A 1953 kamfanin SEB na Faransa ya fito da wadda ta bazu a gidaje. A darasin Faransanci sunanta cocotte-minute. A Indiya kuwa, kamfanonin Hawkins da Prestige sun shiga ƙera ta tun 1959.

Bayan minti 20 da fiton farko, Gwaggo ta sauke. Auta ta kai hannu ga murfi, Gwaggo ta riƙe ta da sauri.

"Kul! Yanzu cikinta ya fi tafasasshen ruwa zafi. Wanda ya buɗe da ƙarfi, abincin zai yi tsalle ya ƙone masa fuska. A bar ta ta huce. Kuma yaro ba ya taɓa ta sai da babba a kusa."

Suka jira wajen minti 15. Gwaggo ta ɗan taɓa ƙarfen da cokali, ba huci. Sa'an nan ta buɗe, ta karkata murfin gefe. Waken ya narke cikin tsakin, kabewa ta ɓace, abincin ya yi launin ɗorawa. Ta zuba dafaffen zogale, ta matsa lemun tsami, ta motsa.

Kaka ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta sake ɗanɗanawa. Ta ce: "Fate ne ya tafi yawon duniya ya komo. Auta, ɗauko mini man shanu."

Lissafin Baba

Da dare Baba ya sa aka kawo masa tukunyar. Ya ce kyanta da kyau, amma kuɗinta ya fi na tukunyar da maƙera suke zubawa nesa ba kusa ba. In zoben roba ya tsage, sai an aika Maraɗi. Ba ta tuƙa tuwo, ba ta isa gidan biki. Bisa duwatsu uku ma, harshen wuta zai cinye hannunta.

Gwaggo ta ce: "Duk gaskiya ne, yaya. Shi ya sa take son murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi, ko butalin gas. Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, ƙasarmu tana yin gas nata. Amma ka duba iccen da ya rage."

Baba ya duba. Damin da Auta ta kawo jiya bai ko yi rabi ba. Shi kuwa yana cikin masu sassabin zamani, dabarar da manoman jihar Maraɗi suka kama tun shekarun 1980: in kututture ya yi toho a gona, ba a sare shi, sai a rage rassa a bar masu ƙarfi su girma. Ya san shekara nawa ɗan gawo yake yi kafin ya ba da inuwa.

Kashegari da dare, Auta ta ga Inna tana jiƙa wake. Da safe kuma ta tarar da ita tsaye a tsakar gida, ta ɗaga murfin sama, ta rufe ido guda tana leƙen kafar.

Tambayoyi

1. Don me iccen da Auta take samowa ba ya kwana ran da aka dafa wake?
2. Me ya sa ƙarin icce ba ya ƙara wa tafasasshen ruwa zafi a buɗaɗɗiyar tukunya?
3. Gwaggo ta ƙi karɓar kanwa. Ku kawo dalilanta biyu.
4. Cikin maganganun Baba, wacce kuka ga ta fi nauyi? Don me?

Lissafi

Tukunya tana cin lita 8. Lita nawa za a iya zuba mata in wake za a dafa? Wata uwa tana ƙona sanda 9 na icce in ta dafa wake a buɗe, sanda 3 in ta dafa a rufe. Tana dafa wake sau 2 a mako. Sanda nawa za ta tsirar cikin mako 10?

Aiki

Ku tambayi iyayenku mata abincin da ya fi cin icce a gidanku. Ku duba lokacin da aka ɗora shi da lokacin da aka sauke, ku rubuta, ku kawo aji. A taswirar duniya, ku nemo Mali da Nijar da Indiya, ku faɗi sunan tekun da ke tsakanin Afirka da Indiya.