Ajiyar Wasa a Imuleta: Wacce Ce Abin Dogaro?

Idan kana buga tsofaffin wasanni a waya ko kwamfuta da manhajojin imuleta irin su PPSSPP ko RetroArch, hanya biyu kake da ita ta adana inda ka tsaya. Kada ka ba su amana ɗaya.

Ajiyar nan-take tana da daɗi. Danna maɓalli ɗaya, manhajar ta kwafe duk abin da ke ƙwaƙwalwar na'urar wasan da take kwaikwayo a wannan daƙiƙa, ko da kana tsakiyar faɗa. Matsalar ita ce kwafin ya dogara da yadda aka gina manhajar a ranar. Ka sabunta ta ko ka koma wata, fayil ɗin na iya ƙin buɗewa. Kuma idan wata tangarɗa ta riga ta shiga ƙwaƙwalwar, da ita aka kwafe, kullum ka loda tana nan.

Ajiyar cikin wasa kuwa, wasan da kansa ke rubuta ta, kamar yadda yake yi a katin ajiya na PlayStation mai gurbi 15. Ƙaramin fayil ne, yawanci yana jure sabuntawa da sauyin manhaja.

Ga tarkon da ya fi damuna: a wasannin kaset, irin na Game Boy, loda tsohuwar ajiyar nan-take na iya shafe sabuwar ajiyar cikin wasa.

Saboda haka ka riƙa adanawa a cikin wasan duk lokacin da ya ba ka dama, musamman kafin sabuntawa, sannan ka kwafi fayil ɗin zuwa wani wuri dabam. Ta nan-take ka bar ta don wurare masu wuya, ko idan batir ya kusa mutuwa.