Darasi: Makiyayi da Na'ura Mai-Amsa Tambaya

Abin karantawa: Yohanna 10:1-15, Ayyukan Manzanni 17:10-12.

Darasin wannan wata ya shafi 'ya'yanmu da ke manyan makarantu, ya kuma shafi mu masu-kiwon ekklisiya a ƙauyuka.

Da hutun makaranta wani saurayinmu daga wajen Mabai, a ƙasar Kankara, ya komo gida daga jami'a. Na ce ya yi mana wa'azi a sujadar Laraba. Ya yi magana a kan tsoro, kalmominsa a jere sumul. Amma sa'anda ya ambaci wata aya cikin Zabura, wani dattijo ya buɗe Littafinsa, ya duba, ya sake dubawa, bai sami maganar ba. Bayan an tashi na ja shi gefe, na ce, "Ɗana, ina ka samo ayan nan?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, wayata ce ta rubuta mini duka."

1. Wace irin na'ura ce wannan?

A ƙarshen Nuwamba 2022 wani kamfani na Amurka, OpenAI, ya fito da ChatGPT. Ana ce da irinta basirar na'ura. An ɗura mata rubuce-rubuce masu-ɗimbin yawa, daga cikinsu ta koyi kalmar da ta kan biyo bayan wata. In ka tambaye ta, sai ta harhaɗa amsa kalma bayan kalma. Domin wannan ta kan ƙaga abin da babu shi, ko gezau. A 2023 wani alƙali a birnin Niyu Yok ya ci waɗansu lauyoyi tarar dala 5,000, gama sun kawo masa tsofaffin shari'o'i waɗanda na'urar ce ta ƙaga su. Ga shi kuma mafi yawan abin da ta koya da Turanci ne, Hausarta ba ta nuna sosai ba.

2. Ɗalibi da na'ura

'Ya'yanmu su na karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da ta Dutsin-Ma, ta 2011. Waɗansu su na makarantar tauhidi ta Bukuru, wadda ta fara a 1959. Iyaye sun sayar da hatsi da awaki domin kuɗin makaranta. Idan na'ura ce ta yi wa yaro aikin da malami ya ba shi, za ya komo da takardar shaida, amma kai wofi. Kayan aro ba ya rufe katara. Ga mai-bi kuwa abin ya fi haka nauyi, gama wanda ya sa sunansa a kan aikin da ba nasa ba ya yi ƙarya.

3. Makiyayi da na'ura

Kada mu ɗora wa yara laifi su kaɗai. Fasto na ƙauye ya na noma, ya na kai mara-lafiya asibiti, ya na sulhunta miji da mata, ya na jana'iza. Asabar da dare ta kan iske shi bai shirya wa'azi ba, waya kuwa ta na aljihunsa. Ni ma na san wannan jaraba.

A Yuni 2023, a garin Fürth na ƙasar Jamus, mutane fiye da 300 suka taru a wata majami'a domin sujadar da ChatGPT ta shirya. Waɗansunsu sun ce maganar ba ta taɓa zuciyarsu ba. Dalilin ya na cikin Yohanna 10: makiyayi ya san kowace tunkiya da sunanta. A Disamba 2020 aka sace yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara, mutanenmu sun san tsoro da idonsu. Ran nan da saurayin ya ke wa'azi, akwai wata mata a benci na gaba wadda aka tafi da mijinta daji. Na'ura ba ta san ta ba, ba ta taɓa zama a tabarmarta ba.

4. Me za mu yi?

Ba mu ce a jefar da na'ura ba. Ta na iya nuna maka ma'anar kalmar Turanci mai-wuya, ko ta taimake ka neman wurin da aya ta ke. Amma ka riƙe abu uku. Na ɗaya, ka yi kamar mutanen Biriya, waɗanda suka gwada maganar Bulus kansa da Littattafai. Duk ayar da ta ba ka, ka buɗe ka gani. Na biyu, ka fara da addu'a da karatu na kanka kafin ka taɓa waya. Na uku, kada ka ɓoye wa malaminka ko ekklisiya inda ta taimake ka.

Laraba ta zagayo na sake ba saurayin nan dama, amma na ce ya fara zuwa gaishe da matan nan. Wa'azinsa ya zama gajere, har ya yi ta sarƙewa. Bayan an tashi matar ta tsaya, ta yi masa godiya.

Tambayoyi

1. Don me na'ura ta kan kawo ayar da babu ita?
2. Wane aikin makiyayi ne na'ura ba ta iya yi?
3. Yaya ekklisiyarku za ta rage wa fastonku nawaya, domin ya sami zarafin shiri?