Ƙyashi iri-iri ne: yadda masana ke gane mai kawo miki

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙyashi yake. Ɗan ƙwaro ne da tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Jikinsa duk gashi. Ba ya kuka a kunne kamar sauro, tashinsa ma tsalle-tsalle ne. Daga faɗuwar rana har asuba yake yawo, kuma tamatar ce kaɗai ke cizo, don sai da jini ƙwanta ke nuna.

Ba a ruwa yake haihuwa ba. Yana zuba ƙwai a ramin kusun daji, da suri, da tsagar bango, da inda taki ya taru.

Abin da ya sa muka damu da shi, wani miki ne da lokotoro ke kira leshimaniyoz. Yakan fara da ɗan ƙurji a hannu, ko ƙafa, ko fuska, makonni ko watanni bayan cizo. Sai ya buɗe, ya yi baki mai tudu, ya ƙi warkewa. Yakan ɗauki watanni, kuma in ya warke ya bar tabo har mutuwa. Ba baƙo ba ne a Nijar. Tun shekara ta 1911 wani lokotoro Bafaranshe mai suna Stevenel ya rubuta labarinsa a ƙasar Damagaram. Ƙwayar cutar na zaune a jikin kusun daji. Ƙyashi ya sha jinin kusu, bayan kwanaki ya ciji mutum, ya zuba masa ita.

A ƙasar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa da yawa ke noma, akwai wata iri da ta fi wannan muni, ana ce mata kala-azar. Ita cikin ciki take shiga, ta kumbura saifa, ta kawo zazzaɓi mai tsawo da rama. In ba a yi magani ba, kusan duk wanda ta kama rasuwa yake. Ƙyashin da ke kai ta can yana son baƙar laka mai tsagewa, da dajin aduwa da dushe.

To, ga inda wuyar take. Mu a ido duk ƙyashi ɗaya ne. Amma masana sun ƙidaya iri wajen 1000 a duniya, kuma waɗanda ke kai wa mutum cuta ba su kai 100 ba. A ƙasashenmu da yawa daga cikinsu jinin ƙadangare da tsaka suka fi so. Wanda aka tabbatar yana kawo mikin a Afirka ta Yamma, sunansa a littafi Phlebotomus duboscqi. In ma'aikatan lafiya ba su san irin da ke gari ba, za su iya ɓata magani da kuɗi a kan ƙwaron da ba ruwansa da mu, mai laifin kuwa yana rami ya lafe.

A da, hanya ɗaya ce. A kama ƙwaron, a cire kansa da ƙarshen cikinsa da allura, a ɗora bisa gilashi, a duba da madubin likita. Gwani zai kalli ƴan haƙoran da ke cikin maƙoshinsa, da siffar kayan haihuwarsa. Aiki ne mai cin ido da lokaci, gwanayensa kuma ƙalilan ne. Abin takaici, matan wasu iri sun yi kama ƙwarai, har gwani na iya ruɗewa, alhali matan ne masu cizo.

A shekara ta 2003, wani malamin jami'ar Guelph ta ƙasar Kanada, Paul Hebert, da abokan aikinsa suka kawo wata dabara. Don mu gane ta, sai mu koma ajinmu.

Kowane mai rai, mutum ko dabba ko hatsi, yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda ya gada daga iyaye. Da Faransanci ADN ake ce masa, da Ingilishi DNA. Mu za mu kira shi rubutun gado. Haruffansa 4 ne kacal: A, C, G, T. Yadda aka jera su shi ke bambanta wannan halitta da waccan. Mun sani a aji, harafi ɗaya ke raba "baki" da "baƙi", ko "gado" da "kado". Wanda ya manta lanƙwasar ƙ ya sauya magana. Haka abin yake a nan.

Rubutun dogo ne ƙwarai, ba a bukatar karanta shi duka. Hebert ya zaɓi layi ɗaya mai haruffa wajen 650, wanda ake kira COI. Ƴan iri ɗaya, layinsu kusan daidai yake. Iri daban, haruffa da yawa sun saɓa. Kamar askar fuska ce a zamanin kakanninmu: da ganin Bagobiri a kasuwa an san gidansu, ba sai an tambaya ba.

A ɗakin bincike, ɗan guntun ƙwaron ya isa. A narke shi, a fitar da rubutun, wata na'ura ta ninka layin nan sau miliyoyi, wata ta karanta shi. Sai a gwada shi a kwamfuta da layukan da aka tara a babban rumbun duniya mai suna BOLD. In ya dace da wani, suna ya fito. Ko ƙwaron ya ragargaje, ko tsutsa ce da ba ta yi fiffike ba, ana iya gane shi. Da irin wannan aiki kuma akan duba jinin da ke cikin tamatar, a san ko na mutum ne, ko na akuya, ko na kusu, a kuma ga ko tana ɗauke da ƙwayar cutar.

Amma kada mu ɗauka na'ura ta kori gwani. Rumbu ba ya ba da abin da ba a zuba masa ba. Sai gwani ya fara gane ƙwaro da idonsa, sannan a ajiye layinsa da sunansa. In ya yi kuskure, duk mai zuwa baya zai gaji kuskuren. Akwai kuma iri masu dangantaka ta kusa da layin nan kaɗai ba ya raba su sosai. Shi ya sa masana na kirki ke haɗa hanyoyin biyu.

Mu kuma me ya rage gare mu? Ramin gidan sauro na iya yi wa ƙyashi faɗi, don haka mu kwana cikin mai magani, mu ɗinke inda ya yage. Mu liƙe tsagar bango, mu nisanta taki da wurin kwana, mu rage kwanciya kusa da ramukan kusu a gona. Mikin da ya yi makonni bai warke ba, a kai shi gidan likita, kada a ƙona shi ko a zuba masa ruwan batir. Akwai allurarsa.

In kuma wata rana ma'aikata suka zo da ƴar fitila mai jaka, ko da farar takarda shafe da man zurma suka kafa a bakin rami ko jikin suri, tarkon ƙyashi ne. Mu gaya wa yara su bar shi har safe, mu nuna wa ma'aikatan gonar da aka fi shan cizo.