Yadda Maniyyaci Zai Lissafa Tafiyarsa Daga Yamai Zuwa Jidda

Kowace shekara idan aikin Hajji ya ƙarato, tambayar da maniyyatan Gazawa, Agye da Gidan Rumji suka fi yi ita ce: awa nawa za mu yi a sama? Lissafin ba shi da wuya, kuma wanda ya iya shi zai san yadda zai tsara maganinsa, sallarsa da haramarsa.

Da farko, fara ƙirga daga ƙofar gidanka. Mutumin Gazawa zai bi babbar hanya ta Agye, ya wuce Maraɗi da Gidan Rumji, ya ratsa Birnin Ƙonni, Dogondutsi da Doso kafin ya shiga Yamai. Daga Maraɗi kaɗai nisan ya haura kilomita 600, yini guda ke nan a mota. Saboda haka dattijo ya isa Yamai da kwana ɗaya ko biyu a hannu, ya huta.

Na biyu, san nisan da ke tsakanin filayen jirgin. Daga filin Diori Hamani na Yamai zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 4,000 ne a miƙe. Wanda ya tashi daga filin Malam Aminu Kano kuwa, nasa wajen 3,400 ne.

Na uku, raba nisan da gudun jirgi. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 850 ko kusa da haka a awa guda. Idan ka raba 4,000 da 850 za ka samu awa biyar ba kaɗan. Ƙara rabin awa na tashi da sauka, ka ga an haura biyar. Ka bar sarari kuma, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da dama kewaye suke yi. Idan akwai yada zango a wata ƙasa, zaman jiran ma a lissafi yake.

Na huɗu, gyara agogo, domin nan ne aka fi ruɗewa. Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake ciki ne. Misali, an rubuta tashi ƙarfe 10 na dare, sauka ƙarfe 5 da rabi na asuba. Ido zai ga awa bakwai da rabi. Cire biyu, saura biyar da rabi. A dawowa sai ka ƙara biyun.

Na biyar, tambayi jagoranku inda za a sauka. Idan Jidda ce kuma Makka za a zarce, a sama za a wuce miƙati, don haka ka yi wanka tun a Yamai, ka ajiye haraminka a jakar hannu. Idan Madina ce, sai ranar tafiya Makka za ka ɗauki harama a Zul-Hulaifa.

Daga nan ka rubuta lokacin saukar da agogon Nijar, ka bar wa iyali, ka kuma gaya musu cewa binciken fasfo da jiran kaya na iya cin wasu awoyi kafin su ji muryarka. Allah ya kai lafiya, ya sa a yi karɓaɓɓiya.