Maganin Tsutsar Ciki Na Dabbobi: Asalinsa Da Iyakarsa

Tsutsar ciki tana cikin manyan abubuwan da ke hana dabba ƙiba. Takan sha jini, ta cinye amfanin abinci, har ɗan maraƙi ya rame, ya yi ta zawo, ya mutu.

A shekarar 1975, Dokta William Campbell, masanin tsutsotsin dabbobi a kamfanin Merck na Amurka, shi da abokan aikinsa suka gwada wani sinadari a kan ɓeraye masu tsutsa, suka tarar ya kashe ta. Sinadarin kuwa daga wata ƙwayar halitta ya fito, wadda Farfesa Satoshi Omura ya samo cikin turɓayar ƙasar Japan. Daga nan aka haɗa maganin ivermectin, wanda ya shiga kasuwa a 1981. Aikinsa shi ne shanye jijiyoyin tsutsa har ta kasa motsi. Da Campbell ya ga yadda ya yi wa wata tsutsar dawaki, sai ya ba da shawarar a jarraba shi kan makantar rafi. Tun 1987 ake bayar da shi kyauta domin wannan cuta.

Sai dai makiyaya su lura: ba ya kashe tsutsar hanta, kuma yawan ba da shi barkatai yakan sa tsutsa ta daina jin magani. A nemi shawarar likitan dabbobi tukuna.